Kakin zuma da taswira: littafin aikina kan majami'un Durham

Litinin, 15 ga Afrilu, 2024

Sallah ta wuce, uzuri ya ƙare. Na buɗe wannan littafi ne don in riƙa rubuta abin da na yi da abin da na kashe, saboda na san halina: in ban rubuta ba, nan da wata biyu zan rantse ban yi komai ba.

Aikin shi ne taswira guda mai nuna inda majami'u da ƙananan gidajen ibada da ke ƙarƙashin gidan ruhubanawan Durham suke, a arewa maso gabashin Ingila, daga 1083 da Bishop William na St Calais ya kafa gidan, zuwa ranar ƙarshe ta Disamban 1539 da aka miƙa shi ga Sarki Henry na Takwas. Kowane ɗigo a taswirar ina so in liƙa masa hoton hatiminsa. Mutum ya danna wuri, hatimi ya fito. Malamata ta ba ni mako takwas in kawo kashin farko.

Zan fara da rassa tara na gidan: Jarrow, Monkwearmouth, Finchale, Holy Island, Farne, Coldingham da ke Sikotilan, Lytham can yamma, St Leonard a Stamford, sai kwalejin da suka gina wa ɗalibansu a Oxford. Bayan su sai majami'un ƙauyuka da gidan ke cin kuɗin shigarsu.

Na ware fam 300. Yau na fitar da 14: fensira, ƙaramar rula, da tocila ’yar tafin hannu.

Laraba, 17 ga Afrilu

Rabin yini ya tafi a banza. Na zauna ina laluben Durham a cikin Domesday, babban ƙidayar ƙasa ta 1086, ina mamakin yadda gari guda zai ɓace. Ashe masu ƙidayar ba su tsallaka kogin Tees ba. Durham da Northumberland ba sa ciki gaba ɗaya. Wannan abu ne da ɗan aji ɗaya a nan ya sani. Abin da ya maye gurbinsa shi ne Boldon Book na 1183, wanda Bishop Hugh du Puiset ya sa aka yi, to amma shi ma gonakin bishop ya lissafa, ba na ruhubanawa ba. Dukiyar biyun daban take, kuma sun sha kai ruwa rana a kanta kafin yarjejeniyar 1229.

Don haka ginshiƙina zai zama lissafin harajin Paparoma Nicholas na Huɗu na 1291, wanda ya bi majami'u ɗaya bayan ɗaya ya faɗi kimar kowace. Yana intanet kyauta. A ɗaya ƙarshen kuma akwai lissafin 1535 da Henry ya sa aka yi kafin ya far wa gidajen.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Cika jadawali a Excel. Layi 23. Ba labari.

Talata, 23 ga Afrilu

Da gangan na zaɓi yau don zuwa Jarrow. A majami'ar St Paul, sama da bakan da ya raba zaure da ɓangaren bagadi, akwai dutsen keɓe ginin, kuma ranar da ke jikinsa ita ce 23 ga Afrilu, 685. Ba da lamba irin tamu aka rubuta ba. Cewa aka yi kwana tara kafin shigar Mayu bisa ƙirgen Rumawa, a shekara ta goma sha biyar ta Sarki Ecgfrith, ta huɗu ta shugabancin Ceolfrith. Na tsaya ina ɗaga wuya har ya ƙage.

Abin da ya shafi taswirata shi ne wannan: a da majami'u biyu ne a jere a layi ɗaya. Ƙaramar ita ce ɓangaren bagadi na yanzu, tana nan da ’yan tagoginta matsattsu. Babbar an rushe ta, zauren da ke wurin a yau na ƙarni na 19 ne. To ɗigo ɗaya zan sa ko biyu? Na bar shi ɗaya, na rubuta bayani a gefe.

A nan Bede, ruhubanin da ya rubuta tarihin cocin Ingila, ya yi rayuwarsa har ya rasu a 735. Amma gidan da nake bi ba na zamaninsa ba ne. A 1083 aka kwashe ruhubanawan Jarrow da Wearmouth aka mayar da su Durham, wurin ya koma reshe, galibi mutum biyu ne kawai ke zaune suna kula da shi. Suna babba, gida ƙarami.

Mota da jirgi fam 9.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Ranar farko a ɗakin karatu na ma'ajiyar takardun gidan Durham. Jaka a akwati, biro haramun, fensir kawai. Ma'aikaciyar ta nuna mini yadda ake kwantar da takardar fata a kan matashin soso a danne gefenta da wata igiya mai nauyi, kuma ta ja mini kunne sau biyu: kada a ɗaga takarda a bar hatimi yana lilo. Nauyinsa kaɗai na iya yage ɗan zirin fatar da yake rataye a kai.

Kafin yau a hoto kawai na san hatimin Turai. Abu biyu ake kira da sunan, kuma dole in raba su a jadawali. Akwai uwar hatimi, wato ƙarfen da aka sassaƙa, na azurfa ko tagulla ko darma. Akwai kuma bugun da ta bari a kan kakin zuma da aka gauraya da ƙaro. Uwa ɗaya, bugu ɗaruruwa. Kakin wani a bar shi da launinsa, wani a rina shi ja, wani kore da tsatsar tagulla. Na limamai da bishop-bishop yawanci mai tsini biyu ne kamar ƙwallon dabino, don ya ɗauki hoton mutum a tsaye. Na sarakuna zagayayye ne.

Na nemi ganin babban hatimin gidan, wanda ake bugawa da sunan jama'ar ruhubanawa duka. Na zo da tsammanin zan ga ginin babbar majami'ar da hasumiyoyinta, irin na Norwich na 1258 da aka cika da ƙofofi da tagogi da ’yan kawuna suna leƙowa. Sai ga gicciye kawai, zagaye da rubutun Latin da ke cewa hatimin Cuthbert ne, bishop mai tsarki. Cuthbert ya rasu tun 687. Gidan da ke cikin mafiya arziki a arewa ya yi ƙarni bayan ƙarni yana sa hannu da sunan mamaci, domin a wurinsu filayen na waliyyin ne, su masu riƙo ne kawai.

Sai ma'aikaciyar ta ce in duba bayansa. Kan mutum ne mai gemu da gashi buzu-buzu, rubutun gefe ya ce kan Sarki Oswald mai tsarki. Oswald sarkin Northumbria ne da aka kashe a yaƙi a 642, kuma an ajiye kansa a akwatin gawar Cuthbert, shi ya sa suke zuwa tare. To amma fuskar ba tasa ba ce. Dutse ne mai daraja na zamanin Rumawa da aka sassaƙa da siffar gunkin Jupiter. Ruhubanawan suka same shi, suka dasa a ƙarfe, suka raɗa masa sabon suna. Na yi dariya a ɗakin da ba a tari. Gunkin arna yana tsaron takardun coci da sunan waliyyi.

Dariyar ta tsaya da na fito. In babban hatimin bai nuna gini ba, me zan liƙa wa ɗigon?

Litinin, 29 ga Afrilu

Na zuba layi 31 a QGIS, manhajar zana taswira, na danna, sai majami'una duka suka bayyana a tsakiyar Tekun Arewa, a jere gwanin sha'awa, kamar jiragen kamun kifi. Na kashe manhajar na kunna, na zargi kwamfuta, na zargi fayil. Awa biyu kafin in gane: Durham tana yamma da layin Greenwich, don haka lambarta ta gabas da yamma tana buƙatar alamar ragi a gaba. Na kwafe lambobin ba alamar, kowane wuri ya tsallaka gabas daidai da nisan da ya kamata ya yi yamma.

Na gyara, sai wata ta ɓullo. Wasu lambobin daga ma'aunin taswirar Birtaniya na ɗauko su, wasu daga waya, ban gaya wa manhajar cewa ma'auni biyu ne ba. Na yanke shawara: komai zai koma ma'aunin Birtaniya, tunda tsofaffin taswirorin da nake dogara da su a kansa aka daidaita su. Ɗakin karatu na ƙasa na Sikotilan ya sa taswirorin shekarun 1850 a intanet, kana iya shimfiɗa su a kan hoton tauraron ɗan Adam ka riƙa rage duhunsu. Wannan kaɗai ya rage mini rabin tafiye-tafiye.

Alhamis, 2 ga Mayu

Wearmouth. Na tafi in tabbatar da ɗigo, na dawo na goge bayanai uku.

Wearmouth biyu ce. Ta arewacin kogin Wear ita ce Monkwearmouth, ta ruhubanawa, inda majami'ar St Peter take, wadda Benedict Biscop ya kafa a 674. Ta kudu ita ce Bishopwearmouth, ta bishop, majami'arta St Michael. Marubutan da sukan rubuta Wearmouth kawai su wuce, don su sun san wadda suke nufi. Ni kuwa duk inda na ga sunan sai in tura shi arewa. Da na tsaya a kan gada na ga hasumiyar can, na juya na ga unguwar nan, na ji kunya ta kama ni. Sunan kansa ya gaya mini mai wurin, ban saurara ba.

Sabuwar doka: ba na shigar da majami'a sai da sunan waliyyin da aka keɓe ta gare shi.

Fam 8.

Asabar, 4 ga Mayu

Finchale da ƙafa, wajen mil huɗu daga gari. Kango ne a lanƙwasar kogi, wuri mai sanyin rai. Godric ya zauna a nan shi kaɗai shekaru masu yawa bayan ya bar fatauci da tuƙin jirgin ruwa, ya rasu a 1170, daga baya aka gina gidan a kan wurinsa. Abin da ya fi burge ni shi ne amfanin da aka yi da shi a ƙarshe: wurin hutu. Ana turo ruhubanawa huɗu-huɗu daga Durham su yi mako uku su sha iska su koma. Ana ganin inda aka toshe bakunan gefen majami'ar aka rage faɗinta a ƙarni na 14.

Baba ya kira ina zaune a kan wani dutse. Ya ce, “Kai wai har yanzu kana nan kana bin coci-coci?” Na ce, “Baba, ku yi haƙuri, takardun filaye nake bi, cocin ne ya ajiye su.” Ya yi shiru, sannan ya ce to in dai maganar fili ce, a ko'ina rigima ɗaya ce. Shayi fam 3.

Talata, 7 ga Mayu

Kwanan wata ya kusa haukata ni. Na jera takardu biyu na mutum ɗaya, sai na ga kamar ya amsa wasiƙa shekara guda kafin a rubuto masa. Dalili: a Ingila ta wancan zamani sabuwar shekara tana kamawa ne ranar 25 ga Maris, haka aka yi ta yi har 1752. Duk takardar da aka rubuta tsakanin 1 ga Janairu da 24 ga Maris, lambar shekararta tana baya da ɗaya a ƙirgenmu.

Kuma Durham ta ƙara nata gishirin. Ana yawan sa kwanan wata da idin waliyyi, Cuthbert kuwa idi biyu gare shi, 20 ga Maris da 4 ga Satumba. Na Maris ya faɗo kwana biyar kafin sauyin shekara, daidai cikin tarkon. Na koma kan layi 17 ɗaya bayan ɗaya. Shida na gyara.

9 zuwa 11 ga Mayu

Mura. Ban taɓa komai ba.

Litinin, 13 ga Mayu

Hotunan da na ɗauka ranar 25 ga Afrilu ba su da amfani. Hasken sama ya daki kakin kai tsaye, kowane hatimi ya fito kamar alewar da aka tsotsa. Yau na nemi izini na yi amfani da tocilata daga gefe, ƙasa-ƙasa, yadda inuwa za ta faɗa cikin sassaƙar. Nan take haruffa suka tashi. Kowane hatimi hoto huɗu, haske daga kusurwa huɗu, rula a gefe. Na yi 19 kafin a tashi.

Karatun rubutun gefe yana da ƙa'ida: ka nemi ɗan gicciye a sama, daga nan ka bi hannun agogo. Kalmar farko kusan kullum sigillum ce, wato hatimi, ko a gajarce ta zuwa S ɗaya da ɗan ƙugiya. Matsalar ita ce gefe shi ne ke fara ɓantarewa, kuma a gefen sunan wuri yake. Tsakiya takan tsira da hoton waliyyi, abin da nake nema ya zama gari tun ƙarni biyar da suka wuce. Wasu an ɗinke su cikin ’yar jakar ƙyalle tun zamanin da don kariya. Ka taɓa ka ji gutsattsari suna motsi a ciki, ba mai buɗe maka.

Na ga na Paparoma guda. Shi ba kaki ba ne, darma ce, fuska ɗaya kawunan Bulus da Bitrus, ɗayar sunan Paparoman. Igiyar ma magana take yi: siliki ja da rawaya na takardar da ta ba da wata alfarma, igiyar rama na umarni ko shari'a. Kafin ka karanta kalma ɗaya ka san ko kyauta ce ta zo ko sammaci.

Asabar, 18 ga Mayu

Holy Island. Wannan laifina ne ni kaɗai, in rubuta shi yadda ya faru.

Tsibirin ana shigarsa da mota ta wata hanya da ta ratsa yashi, teku yana rufe ta sau biyu a yini. Akwai jadawalin lokutan da za a iya tsallakawa. Na duba, na rubuta a takarda, na roƙi wani abokina mai mota, muka kama hanya da farin ciki. Muna isa muka tarar da ruwa shimfiɗe, babu alamar kwalta sai sanduna da ɗan ɗakin katako mai dogayen ƙafafu da aka tanada don waɗanda ruwa ya rutsa da su. Na zaro takardata. Layin Asabar ɗin makon jiya na kwafa. Lokacin cikar teku yana matsawa kusan minti hamsin kowace rana, don haka kuskuren mako guda ya juya mini jadawalin kusan gaba ɗaya. Abokina bai ce uffan ba, wanda ya fi zagi ciwo.

Tunda jira ya kama mu, muka juya Ancroft, ɗaya daga ƙananan majami'u huɗu da ke ƙarƙashin Holy Island a babban tudu, tare da Kyloe da Lowick da Tweedmouth. Ban yi niyyar zuwa ba, amma ita ce ribar ranar. An ɗora wa ƙarshen majami'ar hasumiya mai kaurin bango da ’yan tagogi, ba don ƙararrawa ba, don limami ya sami mafaka in mahara sun ƙetaro daga Sikotilan. Iyaka tana nan kusa. Babu jadawalin haraji da zai nuna maka wannan tsoron.

Da ruwa ya janye muka shiga, lokaci ya ƙure, kangon gidan ruhubanawan daga waje na gan shi, da bakansa guda da ya tsira a sama shi kaɗai. A nan ma suna ɗaya ne, wurare da yawa. Kangon na ƙarni na 12 ne, reshen Durham. Dab da shi akwai St Mary, majami'ar mutanen gari. Gidan asali da Aidan ya kafa a 635 da katako aka fara shi. A 2017 kuma masu haƙa sun tono harsashin wata tsohuwar majami'ar dutse a kan tudun da ke kallon teku. Ɗigo uku na sa, launi daban-daban.

Mai fam 45, abinci 17. Ranar da ta fi kowace tsada, kuma ban ga abin da na je gani ba.

Talata, 21 ga Mayu

Na gano dalilin da ya sa nake rasa Norham da Holy Island a tsofaffin littattafan Northumberland. Har 1844 yankunan nan, da Bedlington, guntayen Durham ne da ke zaune a cikin ƙasar wasu. Ƙasar waliyyi ce, ba ruwanta da iyakar gunduma. Haka a kudu gidan yana da hannu a Howden da Hemingbrough da Northallerton, duk a Yorkshire. Na cire iyakokin gundumomin zamani daga taswirar, ruɗa ido kawai suke yi.

Juma'a, 24 ga Mayu

Na ɗan kauce hanya yau, ban yi nadama ba. Hatiman bishop-bishop.

A wancan zamani bishop na Durham ba malamin addini kawai ba ne, yana da kotuna da ikon da a wasu wurare sai sarki. Hatimin mulkin Thomas Hatfield, wanda ya riƙe kujerar daga 1345 zuwa 1381, ya faɗi haka ba kunya: fuska ɗaya yana zaune a karaga, ɗayar yana kan doki da sulke da takobi. Idan bishop ya mutu ana farfasa uwayen hatimansa don kada wani ya yi aiki da su, a kai gutsattsarin hubbaren Cuthbert. Na Richard de Bury, wanda Hatfield ya gada, azurfarsu aka narka aka ƙera kofin bagadi. Shi ya sa bugu ya yi yawa, uwa ta yi wuya.

Tsaron hatimi babban al'amari ne, don wanda ya riƙe shi yana iya jinginar da gonar gida ko ya ci bashi da sunan kowa. Har dokar Carlisle ta 1307 ta shiga maganar, ta ce a wasu ɗariƙun a ajiye hatimin jama'a a hannun mataimakin shugaba da dattawa huɗu, ba a hannun shugaba shi kaɗai ba.

Abin ya tuna mini da wasiƙun sarakunan daular Sakkwato da na taɓa gani: su da tawada ake buga hatimi a kan takardar, ba rataya shi ake yi ba. Aikin dai ɗaya ne, a san daga wa magana ta fito.

Sai dai hatimi ba rantsuwa ba ne. Masana sun daɗe da nuna cewa wasu takardun kafa gidan, masu ɗauke da sunan William na St Calais, ruhubanawan ne suka ƙirƙire su a ƙarni na 12 don ƙarfafa hujjarsu a kan bishop. Na ƙara shafi a jadawali mai suna “ana tababa”.

Abin da ban yi tsammani ba: takardar sarautar Sikotilan mafi tsufa da ta tsira, ta Sarki Duncan na Biyu ta 1094, a Durham take, ba a Edinburgh ba. Kyautar filaye ce ga Cuthbert, mai karɓar kyauta kuwa shi ke adana shaida.

Talata, 28 ga Mayu

Wurare biyu a yini ɗaya, kuma su suka karya tsarin da na fara da shi.

Da safe Monk Hesleden. Sunan ya nuna ta ruhubanawa ce, tana cikin takardu, tana kan taswirar ƙarni na 19 da ɗan gicciyenta. A ƙasa kuwa babu gini. An rushe majami'ar a shekarun 1960, sai maƙabarta da ciyawa. Na tsaya inda tsohuwar taswira ta ce in tsaya, na ɗauki lamba a waya.

Da yamma Escomb, kusa da Bishop Auckland. Ba ta cikin jerin gidan, na je ne don kwatance. Majami'a ce ta ƙarshen ƙarni na 7, tsaye cak da rufinta, an gina ta da duwatsun da aka kwaso daga ginin Rumawa. Ga gini cikakke, amma ba ni da hatimi ko ɗaya da zan ce nata ne, kuma babu dalilin da zai sa a samu. Ƙaramar majami'a ba ta sayen fili ba ta sayarwa da sunanta.

A motar dawowa na fahimci kuskuren da na gina aikin a kai. Na ɗauka kowane gini yana da hatimi kamar yadda kowace mota ke da lamba. Hatimi na mai iko ne: jama'ar gida, ko shugaba, ko bishop, ko wani limami a karan kansa. Shugabannin rassan nan daga Durham ake naɗa su, daga can ake kiran su gida, kuma babbar magana irin rabuwa da fili ba ta ƙulluwa sai da yardar uwar gida. Lytham ma haka za ta kasance: takardunta suna nan a Durham, gidan kuwa babu shi a ido, wani katafaren gidan masu ƙasa ne a wurin. Na Oxford ya zama kwalejin Trinity tun 1555.

Mota fam 14 duka biyun.

Litinin, 3 ga Yuni

Na buga taswirar a babbar takarda, fam 12, na kai wa malamata ina shirin ba da haƙuri. Ta saurare ni har na gama, ta ce abin da na kira rushewar aiki shi ne babi na farko. Mun amince a raba jadawalin biyu. Ɗaya na wurare, kowane da matakin tabbaci: gini na tsaye, kango, wurin da taswira ko haƙa suka tabbatar, da wanda suna kawai ya rage. Ɗayan na hatimai, kowane da mai shi, da takardar da yake rataye a kai, da wuraren da takardar ta ambata. Zare ne zai haɗa su, ba liƙi ba. Mutum ya danna Jarrow ya ga hatiman waɗanda suka yi hukunci a kanta.

Ta kuma ce in daina ɗaukar hoton abin da masana biyu, Greenwell da Blair, suka riga suka bayyana a kundinsu na hatiman Durham sai in akwai dalili, in fara duba lambarsu kafin in nemi a fito mini da takarda. Da na yi haka tun farko da na tsira da kwana biyu.

Juma'a, 7 ga Yuni

Kwana huɗu ina raba jadawali. Ido ya gaji.

Talata, 11 ga Yuni

Na miƙa kashin farko. Wurare 38: 26 gini na tsaye, 6 kango, 4 taswira ta tabbatar, 2 suna kawai. Hatimai 44 a jadawali, 19 da hotona. Na kashe fam 122, saura 178.

Bayan Babbar Sallah: Coldingham da farko, in haɗa da komawa Holy Island a tafiya ɗaya, wannan karon mutum biyu za su duba jadawalin teku. Farne sai jirgin ruwa da kyawun yanayi, na sa ta a Yuli. Lytham da Stamford kuɗin jirgi ba zai kai duka biyun ba. Stamford tana da kango da za a iya aunawa daga hoto, don haka Lytham zan je. Akwai kuma ƙananan ɗakunan ibada biyu da suka taɓa zama a kan gadar Elvet, St James da St Andrew, minti goma daga ɗakina, ina bi ta kansu kullum ban sa su a taswira ba. Gobe da safe zan sauka ƙarƙashin gadar da rula.